Saƙon Godiya Daga Ƙungiyar Matan Unguwa: Mai Jego Ta Dawo Gida

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi. An sallami ƙanwarmu mai jego jiya da la'asar, da ƙafarta ta shiga gida, jaririyarta kuma tana kama nono. Gangamin bayar da jini na ranar Asabar shi ma an tashi lafiya, an kwance rumfa, an mayar wa makarantar Islamiyya kujerunta. Sai yau muka samu muka zauna, wasunmu har yanzu murya ba ta dawo ba. Kun bi komai a WhatsApp tun daren Talatar makon jiya da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa aka kai ta asibiti, ba sai mun maimaita ba. Godiya muka zo yi, sai ɗan bayani ga ƙungiyoyin mata da suka yi ta tambayar yadda aka tsara abin.

Akwai wani lokaci a daren nan da har yanzu idan aka tuna shi sai jiki ya yi sanyi. Wajen ƙarfe biyu da rabi ma'aikacin ɗakin gwaji ya leƙo baranda ya ce jininta O negetif ne, leda ɗaya ce a firji, an riga an ɗaura mata, kuma likita yana son ƙarin biyu. Mai O negetif ba ta karɓar kowane jini sai irin nata, masu irinsa kuma ba su da yawa a cikinmu. Aka buɗe littafin ƙungiya na sunayen masu bayar da jini a hasken tocilan ɗin waya. Suna uku ne kacal a shafin masu irin jininta. Na farko wayarsa a kashe. Na biyu ya ɗauka, amma bai fi mako biyar da bayarwa ba, ba zai yiwu a sake ɗiba ba. Na uku aka kira, uwar mai jegon tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, ta daina kuka ma, sai leɓenta da ke motsi.

Ya roƙe mu kada mu kama sunansa, to ba mu kama ba. Amma duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin masallacin Juma'a ya san shi, kuma ba mu ga dalilin da zai sa mu ɓoye shi fiye da haka ba. Bugu biyu ya ɗauka. A kan keke ya zo, rigarsa na warin hayaƙi. Bai tambayi 'yar gidan waye ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko za a gama kafin kiran Asuba, don ya bar yaronsa da tukunya a wuta. Aka auna shi, aka ɗiba, ya zauna a benci yana kaɗa ƙafa har aka gama gwaji, kusan awa guda, wai kada a ce ana buƙatar wani abu ba ya nan. Da aka miƙa masa kuɗin mota sai ya nuna kekensa ya yi dariya. Malam, Allah Ya sa wannan jini ya zama sanadin shigarka Aljanna. Allah Ya jiƙan mahaifanka, Ya buɗa maka kasuwa, Ya sa kada ka taɓa neman taimako ka rasa. Amin.

Leda ta ukun daga wani asibiti aka samo ta, nas ɗin da ke aikin dare ce ta yi ta buga waya da katinta har aka dace. Ɗan adaidaita sahun da ke kwana a layinmu shi ya kai ma'aikacin asibiti suka ɗauko ta. Su ma mun gode, Allah Ya saka da mafificin alheri. A nan akwai abin lura ga masu rakiya: jini ba a ɗaukarsa a jaka ko a hannu. Cikin kula ake sa shi, da ƙanƙara a gefe, a raba su da kwali ko tsumma, domin idan ledar ta manne da ƙanƙara ƙwayoyin jinin suna fashewa, ya tashi daga magani ya koma illa. A firjin asibiti tsakanin digiri 2 zuwa 6 ake ajiye shi. Idan an fito da shi ba a son ya wuce minti 30 ba a ɗaura ba, kuma a gama ledar cikin awa 4. Don haka kada dangi su matsa a fito da jini tun likita bai shirya ba.

Mijin yarinyar ya yi ta naci a ɗebi nasa. Mun ji tausayinsa, amma daidai aka yi da aka hana. Ban da cewa rukuninsu bai zo ɗaya ba, likitoci ba sa son miji ya ba matarsa jini muddin tana shekarun haihuwa, saboda jikinta na iya ƙera garkuwa a kan jininsa, garkuwar kuma ta cutar da cikin gaba. Miji ya bayar a ajiye wa wani, ita a nemo mata na wani. Sannan duk mace mai negetif da ta haifi jariri mai fozitif tana buƙatar allurar Anti-D, mai hana jikinta ƙera garkuwa a kan jinin jariri, cikin awa 72. Tana da tsada, asusun ƙungiya ne ya cika kuɗin wannan karon, kuma abin da ya sa muke nacin awon ciki ke nan: a san rukunin jini tun ciki yana ƙarami, a fara tara kuɗin allura, a sa sunayen masu irin jininta a gefe.

Littafin nan da ya yi aiki ranar Talata ba wani abin mamaki ba ne, littafin makaranta ne mai bango mai tauri. Kowane rukunin jini da shafinsa. A gaban kowane suna akwai lambar waya, lambar wani na kusa da shi a gida, layin da yake zaune, da ranar da ya bayar na ƙarshe. Ranar nan ita ce mafi muhimmanci, domin namiji sai ya yi wata uku kafin ya sake, mace wata huɗu. Mata biyu ne ke riƙe da kwafi, ba sa tafiya gari tare. Kuskurenmu shi ne mun bar shafin negetif da suna uku muka ce ya isa. Bai isa ba. Dare ne, mutane na kashe waya, wani ya yi tafiya, wani yana zazzaɓi. Bayan Asabar shafin ya ɗan ƙaru, kuma mun roƙi masu wannan jini su bar waya a kunne, ko su ba mu lambar maƙwabcin da zai buga musu ƙofa.

Game da gangamin, mu rumfa da jama'a muka kawo. Ɗiba da gwaji da ajiya aikin ma'aikatan bankin jini ne, su suka zo da ledoji da allurai da kulolinsu. Kada wata ƙungiya ta ce za ta ɗauko mai kemis ta yi da kanta. A rubuta wa asibiti takarda da wuri, a tsayar da rana tare da su, a gaya musu adadin mutanen da ake sa rai don su san ledojin da za su ɗauko. A guji watan azumi da rana. A guji tsakar rana ma: mun sa ƙarfe takwas, mutane ba su taru ba sai wajen sha ɗaya, zafin Kano kuma kun san shi. Samari biyu jiri ya kwashe su, duk biyun ba su karya ba suka zo. Shi ya sa Inna mai ƙosai ta zama ginshiƙin ranar. Ta kafa kaskonta a bakin rumfa, ta ce duk wanda zai hau gado sai ya ci biyar ya sha koko tukuna, kuma ko sisi ba ta karɓa ba. Inna, mun san wake da mai ba kyauta kika samo su ba. Allah Ya mayar miki da ninkinsu, Ya kai ki Makka.

Sharuɗɗan ba su da wuya. Shekara 18 zuwa 65, nauyi kilo 50 zuwa sama, babu zazzaɓi, an ci abinci an sha ruwa. Ana tsikarar yatsa a duba ƙarfin jini kafin a ɗiba. Leda ɗaya mililita 450 ce, ba ta kai rabin lita ba, ɗibar kanta minti goma ce ko ƙasa da haka. Bayan nan a zauna kwata guda, a sha ruwa ko zoɓo, kada a ɗauki kaya mai nauyi da wannan hannu ranar. Mun tanadi ruwan leda uku ga kowane mutum, da mun sani mun ninka. Mai ciki da mai shayarwa ba sa bayarwa. A ware wa mata ɓangarensu da labule da ma'aikaciya mace, in ba haka ba za su zo su tsaya daga nesa su koma.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne yawan matan da aka mayar saboda jininsu bai kai ba. Sun zo da niyya, wasu har da kwalliya, aka ce su je su ci abinci mai gina jini su dawo. Wannan ma sakamako ne, tun da yanzu sun sani. Hanta, nama, wake, zogale, alayyahu. Shayi kuma a ba shi tazara da abinci, domin yana rage shigar sinadarin ƙarfe jiki (Malam mai shayi ya yi haƙuri, gaskiya ce). Masu ciki su daina jefa ƙwayoyin ƙarin jinin awo a ƙarƙashin katifa don suna sa bayan gida ya yi baƙi. Baƙin ba cuta ba ne.

Jita-jita ta so ta kashe gangamin tun bai fara ba: wai sayar da jinin za a yi, wai za a tona asirin masu cuta. Ga amsar a fili. Kowace leda ana gwada ta don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, kuma sakamakon tsakanin mai jini ne da ma'aikacin lafiya. Ƙungiya rukunin jini kawai take rubutawa, shi ma da izinin mai shi. Kuɗin da asibiti ke karɓa idan za a yi ƙarin jini na leda ne da kayan gwaji. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a biya mutum ladan jininsa, ita ce kuma ta hana a ƙi duba mara lafiyar gaggawa. Liman ne ya kashe wutar jita-jitar, da ya yi bayani a huɗubar Juma'a, sannan ya zo da kansa ranar Asabar ya naɗe hannun riga a gaban almajiransa. Allah Ya gafarta Malam, mun gode. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, kai ka ba mu fili, kai ka tura sanƙira, Allah Ya ja zamaninka.

Buƙatunmu biyu suna nan a takardar da muka kai wa kwamitin lafiya na mazaɓa, kuma za mu ci gaba da zarya. Ta farko, a samar wa ɗakin haihuwar asibitin unguwa ledar shimfiɗa mai ma'auni. Zubar jini bayan haihuwa ana kiransa haɗari idan ya kai mililita 500, ido kuma ba ya iya auna shi a zani da tsumma, kullum sai ya raina. Binciken da aka fitar a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya nuna cewa auna jinin da wannan leda, tare da haɗa magungunan tsayar da jini a ba su lokaci guda, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Abu ne da aka gwada a asibitocinmu na nan, ba labarin wata ƙasa ba. A haɗa da firjin da ke aiki, domin allurar oksitosin mai tsuke mahaifa tana rage ƙarfi idan ta sha zafi.

Ta biyu ga mazanmu take. Kowane magidanci ya faɗa da bakinsa, a gaban mahaifiyarsa da maƙwabcinsa, cewa idan naƙuda ta zo ko jini ya ɓalle ba ya nan, a wuce asibiti ba sai an jira shi ba. Jiran izini da neman mota sun ci mana lokacin da ba mu da shi ranar Talata. Ungozoma ta yi nata, tun da ta ga zani na biyu ya jiƙe kuma mahaifa ba ta tsuke ba ta ce a tafi. Allah Ya saka mata, wata da ta tsaya jiƙa magani.

Ba mu so mu faɗi wannan ba, amma ya tsaya mana a wuya. An kira wasu 'yan uwa na jini a daren nan, gidajensu ba su kai nisan shagon mai shayi ba. Wani ya ce da safe, wata ta ce mijinta ba ya son allura. Ranar Asabar ma mun duba rumfa ba mu gan su ba, sai ga saƙo suna tambayar kalar ankon suna. Ba komai. Allah Ya ba mu ikon yin zumunci tun ana da rai, littafin kuma a buɗe yake, akwai sauran layi.

Ya Allah, duk wanda ya miƙa hannu, wanda ya zo aka mayar da shi, wanda ya ba da kujera ko janareta ko naira ɗari a asusu, wanda ya tashi tsakar dare ya yi mana addu'a, Ka biya shi da abin da ba zai ƙare ba. Ka sauki masu ciki lafiya. Ka jiƙan matan da jini ya tafi da su kafin a sami leda, Ka raya marayun da suka bari. Ka ƙara wa ma'aikatan dare haƙuri da lafiya. Amin summa amin.

Masu zuwa barka a taƙaita zama, mai jego tana buƙatar barci, kuma likita ya ce a yi sassauci da ruwan zafi da kunun kanwa. Akwai kula shuɗiya da lema ɗaya da aka manta a filin gangami, suna gidan ma'ajiya. Zaman ƙungiya yana nan ranar Lahadi bayan la'asar, kowa ta taho da katin rukunin jininta.