Bashin karatu idan ya shiga gidan aure

Ranar Asabar da ta wuce muna zaune a falon Hajiyarmu a Unguwar Rimi ana lissafin kayan ɗakin ƙanwata, sai maganar bashin karatun da ta ci a shekararta ta ƙarshe a jami'a ta faɗo cikin hira. 'Yar kawunmu da ke aure a Amurka, wadda ta zo gida saboda bikin, ta ajiye atamfar da take naɗewa ta dubi Hajiya ta ce, "Gwaggo, shi angon ya san da wannan bashin kuwa?" Hajiya ta ce ai kuɗin gwamnati ne, kuma ba ruwa a cikinsa. Ita kuwa ta yi murmushi, ta ce nata mijin ma kuɗin gwamnati ya ci.

Labarin da ta ba mu ya faru ne kafin annobar korona. A Amurka ma'aurata kan haɗa takardar harajinsu wuri ɗaya, idan an yi lissafin shekara sai a mayar musu da rarar abin da aka cire musu. A shekarar da ta fara aiki ta riga ta ƙudure a ranta cewa da wannan rara za ta sayi tikitin zuwa ganin gida, amma maimakon kuɗi sai wasiƙa ta iso, cewa an riƙe su gaba ɗaya saboda bashin karatun da mijinta ya daina biya tun kafin ya aure ta, bashin da bai taɓa faɗa mata ba.

Dokar can ba ta da wasa a kan wannan. Idan mutum ya yi kwana 270 bai biya bashin karatu na gwamnatin tarayya ba, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya gaza, daga nan kuma ana iya umartar wurin aikinsa ya riƙa cire har kashi 15 cikin 100 na abin da ya rage masa bayan haraji, ba tare da an je gaban alƙali ba, in dai an ba shi sanarwar kwana 30. Albashin matar ba a taɓa shi muddin ba ta sa hannu a bashin ba, amma rarar harajin da suka haɗa tana shiga ciki, sai dai ta cike wata takarda mai lamba 8379 ta nemi a ware mata kasonta. Haka 'yar kawun tamu ta yi, kuma sai da ta yi watanni tana jira. Shi kuma mijin ya fita daga jerin waɗanda suka gaza ne ta hanyar da doka ta tanada, wato biya sau tara cikin wata goma. An dakatar da irin wannan karɓa a watan Maris na 2020, sannan a watan Mayun 2025 gwamnatin Trump ta koma bin masu tsohon bashi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tsakanin 1993 da 2006 Amurka ta ba ma'aurata damar narkar da basussukan karatunsu su zama ɗaya. Da yawa sun yi, aure ya mutu, bashi ya ƙi rabuwa, har mace kan wayi gari tana biya wa tsohon mijin da ta shekara goma ba ta gani ba. Sai a 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta ba da damar raba shi.

Namu tsarin jariri ne. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar NELFUND, wato asusun gwamnati mai ba ɗalibai bashin karatu, a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin neman bashin a watan Mayu. Ba ruwa, ba a neman mai tsaya wa ɗalibi, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ana kuma ba mai buƙata naira dubu 20 a wata. Biya yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, inda wurin aiki zai riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi tun kafin ya iso hannu. Na yaba da tsarin, domin na san 'yan unguwarmu da ba don shi ba da sun ajiye karatu. Sai dai ba a kai ga lokacin biya ba tukuna, shi ya sa kowa ke ganinsa kamar kyauta.

A shari'armu ta Musulunci maganar a fili take: dukiyar mace tata ce, bashin miji nasa ne, babu wanda ake kamawa da na wani sai idan ya lamunce, kuma ko gado ba a rabawa sai an fitar da bashi. Amma takarda daban, tukunya daban. Magidancin da ke ɗaukar dubu 150 aka cire masa dubu 15, a kasuwar Barci matarsa za ta ji raɗaɗin, lokacin da mudun shinkafa ya koma rabi. Idan kuma matar ce ta ci bashin, ya kasance sun yi da mijin za ta zauna a gida ba aiki, to wa zai biya, kuma daga ina? Iyayenmu kan yi binciken aure a kan asali da addini da sana'a, yanzu har da gwajin jini, amma ban taɓa jin waliyyi ya tambayi bashi ba, domin ana ganin tambayar kamar cin fuska ce.

Da dare na kira ƙanwata gefe na tambaye ta ko ta faɗa masa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, kunya nake ji, kada ya ga kamar kaya na kawo masa." Na ce ta buɗe shafinta a waya mu ga jimillar. Muka rubuta adadin a bayan takardar lissafin kayan ɗaki, ƙasa da kuɗin gado da katifa, ta ninke ta sa a jaka, domin washegari bayan la'asar zai zo gaishe da Hajiya.