Shirun yaran Daegu

Aikin koyar da Turanci a makarantun gwamnatin Koriya ta Kudu, ƙarƙashin shirin EPIK da aka fara a 1995, ba kowa ake ba ba. Galibi 'yan ƙasashe bakwai ake ɗauka: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostareliya, Niyuzilan da Afirka ta Kudu. Ni fasfon Birtaniya ya kai ni, kuma abin yana yi mini ciwo idan na tuna malaman da suka koya mini Turanci a Zariya. Sun fi ni iya aikin nesa ba kusa ba, amma ƙofar a rufe take gare su.

A watan Maris na fara, lokacin da shekarar karatu ke somawa a can, a wata ƙaramar sakandare a birnin Daegu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shiru. Sai in yi tambaya mai sauƙi, yara su sunkuyar da kai, alhali a takarda amsar tana hannunsu. Malamar da muke riƙe aji tare ce ta ce mini kunya ce. Yaro ya gwammace ya yi gum da ya yi kuskure a gaban tsaransa. Wannan ba baƙon hali ba ne ga wanda ya tashi a gidan Bahaushe, don haka na daina tsayar da mutum shi kaɗai. Su fara rubuta amsa, su gwada ta biyu-biyu, sannan in nemi mai faɗa. Bakuna suka buɗe.

Akwai kuma gajiya. Da yawansu daga makaranta sai hagwon, wato makarantun kuɗi na ƙarin darasi, har cikin dare. Duk suna hangen Suneung, jarrabawar shiga jami'a da ake yi a Nuwamba, wadda saboda ita ake dakatar da tashi da saukar jirage lokacin gwajin sauraron Turanci. Yaron da ke gyangyaɗi a ajina da safe ba raini yake yi ba, kuma ban yarda a tsawata masa ba.

Da abokan aiki abin bai yi wuya ba. A miƙa wa babba abu da hannu biyu, a rusuna, a cire takalmi a bakin ƙofa. Liyafar ma'aikata ce ta so ta zama matsala, domin naman alade da giyar soju ne a tebur. Na bayyana addinina tun farko, cikin ladabi, sai aka riƙa zaɓar inda ake da kifi.

Na zauna na koyi Hangul, rubutun Koriya da Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446, wanda a yau yake da baƙaƙe da wasula 24. Dalilina shi ne rajistar aji. Yara da dama suna da sunayen Turawa da aka laƙaba musu a hagwon, ni kuwa na fi son in kira kowa da sunan da iyayensa suka raɗa masa.