Carmilla ta hana ni barci

Jiya da dare aka ɗauke wuta, zafi ya hana barci, sai na buɗe wani tsohon littafi a waya: Carmilla, na Sheridan Le Fanu, ɗan ƙasar Ayalan, wanda ya fito a 1872. Na zaci labarin tsoro ne zalla, irin na matattun da ke tashi su sha jinin mutane.

Ashe ba tsoron ne ya fi yawa ba. Laura, budurwa a wani gidan sarauta na Ostiriya, ta yi baƙuwa kyakkyawa mai suna Carmilla. Baƙuwar ta riƙa riƙe mata hannu, tana sumbatar kumatunta, tana yi mata kallon da ba na ƙawaye ba. Ita kuwa Laura, zuciyarta na so, jikinta na ƙyama. Da dare kuma sai ta ji kamar allura biyu sun soke ta a ƙirji, ashe baƙuwar ce ke cizon ta tana shan jininta. Marubucin bai taɓa furta kalmar maɗigo ba, ya dai ɓoye ta a cikin cizon.

Nan na tuna Dracula, littafin Bram Stoker kan mai shan jini, ya fito a 1897, shekara 2 bayan an ɗaure marubuci Oscar Wilde a Ingila kan luwaɗi. Matar Bram Stoker ma, Florence Balcombe, Wilde ya taɓa neman ta.

Mu namu maye kurwa yake kamawa, ba ruwansa da soyayya. Na Turawa sai ya yi zawarci tukuna.

Kiran asalatu ne ya sa na ajiye wayar, caji saura 4.