Hunturun Tsaunukan Alps

Alhamdulillah, na dawo gida lafiya daga zagayen zamiyar ƙanƙara a tsaunukan Alps na Turai. Gwiwoyina har yanzu suna ciwo, amma zuciyata fes.

Daga Chamonix na fara, garin Faransa da ke gindin tsaunin Mont Blanc, inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Motar igiya ta ɗaga mu zuwa ƙololuwar tsaunin Aiguille du Midi, mita 3,842 a sama. Iskar can ba ta ƙosar da huhu, taku kaɗan sai haki. Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne Mer de Glace. Kogin ƙanƙara ne da ya daɗe yana narkewa, an kafa alamun shekaru a jikin dutse suna nuna inda ya taɓa kaiwa. Kana sauka kana karanta su, jikinka na yin sanyi. Wallahi ɗumamar yanayi ba labarin rediyo ba ne.

Zermatt a Suwizalan tsada ce tsagwaronta, ga shi ba a barin motocin fetur su shiga garin. Da safe na zame na tsallaka iyaka zuwa Cervinia ta Italiya, na ci abincin rana, na komo kafin a rufe na'urorin hawa.

Dolomiti, yankin duwatsu a arewacin Italiya, ita ce ta sace zuciyata. Zagayen Sella Ronda, hanyar zamiya da ke kewaye wasu duwatsun can, kusan kilomita 40 ne, a wuni guda ake gama shi, duwatsun kuma sukan yi jajawur da magariba. In Allah ya kai mu baɗi, can zan fara.