Cosy ko cozy?

Jiya 'yata ta dawo daga makaranta tana ƙunƙuni, wai malama ta ja mata jan biro a kan "cozy", alhali haka take ganin kalmar a waya kullum. Na ce kwantar da hankalinki, ke da malama duk kuna da gaskiya. Mutanen Ingila da "s" suke rubuta ta, Amurkawa da "z", makarantunmu kuwa tsarin Ingila suka gada. Asalinta ma daga Scotland ta fito, tun ƙarni na 18.

Ma'anar ce ta fi burge ni. Ɗumi ne mai daɗi a ɗan ƙaramin wuri, irin ɗakin kaka da hunturu, an turo ƙofa, garwashi na ci a kasko, jikoki sun ƙudundune cikin bargo ana tatsuniya. Ƙaton falo mai tayil, komai tsadarsa, bai samu shiga ba. Turawan Ingila har rigar saƙa suke sa wa butar shayi don kada ya huce, suna kiranta "tea cosy". Su da shayi sai Allah!

Amma a jarida a yi hattara. In aka ce alaƙar minista da ɗan kwangila "cosy" ce, ba yabo ba ne, ana nufin akwai lauje cikin naɗi.