Wanda Marigayin Yake Kaɗawa

A shekarata ta biyu ta karatu a kudancin Jamus na samu aikin ranar Asabar a shagon wani dattijo mai gyaran akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana turawa tsakanin hannu biyu. Kuɗin haya ne ya kai ni, ba son kiɗa ba. Ranar da na fara ganin ya buɗe cikin ɗaya, zuga-zugin maƙeran unguwarmu ne ya faɗo mini a rai. Sai dai wannan ba wuta yake hurawa ba, wasu siraran harsunan ƙarfe iskarsa ke kaɗawa, su kuma su ba da sauti.

Yankin nan gidan akodiyon ne. A garin Trossingen aka kafa Hohner, kamfanin da ya yi suna wajen ƙera shi, a 1857, shi ya sa da wuya ka zaga kasuwar kayan hannu ba ka ga tsohon akodiyon mai maɓallai a shimfiɗe ba.

Na yi kamar wata huɗu a shagon, sai maigidana ya aike ni gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar akodiyon biyu. Kuɗin ɗaya ya ba ni, ya ce in zaɓo. Na farkon ƙirar Hohner ne da ake kira Erica, mai layi biyu da maɓallai 21 a dama, takwas a hagu. Duk ya ƙoƙe, maɗaurinsa ya yi baƙi da gumi, wasu maɓallan har sun lotsa. Na biyun kuwa ƙirar Club ne, ja wur, yana ƙyalli cikin akwatinsa. Matar ta ce tun da aka ajiye shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya taɓa shi. Ni a nawa wayon wannan ai shaida ce ta sabunta. Na danna maɓalli uku, na ji ƙara ta fito, na biya, na kamo hanya ina ta murna.

Maigida bai ma ɗaga shi ba. Buɗe akwatin ya yi, ya sunkuya ya shinshina, ya dube ni ta saman tabarau.

"Yaro, cikin biyun wanne marigayin yake kaɗawa?"

Na ce ɗayan. Ya ce to.

Ya riƙe jan akodiyon ta gefe ɗaya, bai danna komai ba, ya saki ɗaya gefen. Zuga-zugin ya zube ƙasa lokaci guda kamar an kwance rawani. Mai lafiya a hankali yake buɗewa, yana turjiya, don iska ba ta da hanyar shiga. Daga nan ya zare 'yan ƙusoshin da ke riƙe da shi. Warin da na ɗauka na tsufa ne ashe na fumfuna ne. Kowane harshe a kan ɗan faranti yake, an liƙe farantin da kakin zuma haɗe da ƙaro, kusa da harshen kuma akwai 'yar siririyar fata da ke toshe iska. Kakin ya bushe ya tsattsage, faranti biyu sun faɗo suna yawo a ciki, fatun sun lanƙwashe kamar kilishin da ya sha rana, tsatsa ta hau ƙarfen. Tsatsar ce ta fi ɓata masa rai. Kaki da fata ana sakewa, amma harshen da tsatsa ta ci, ko ka kankare shi muryarsa ta riga ta kauce.

Ya sa ni lissafi. A irin Erica kowane maɓalli murya biyu yake bayarwa, ɗaya in ka ja, wata in ka tura, kowace murya kuma harshe biyu ke fitar da ita. Harsuna 84 ke nan a gefen dama kaɗai, kowanne da hannu ake saita shi. Jan Club ɗin nawa ya fi haka yawa. Nan na gane kuɗin da na ba tsohuwa kafin alƙalami ne.

Ko da cikinsa lafiya lau ne, da sauran rina a kaba. Wanda maigida ke nema wa kayan kiɗan gargajiyar Faransa yake koyo, inda aka fi amfani da saitin G da C, wato haruffan da ke nuna muryar da aka saita kowane layi a kai. Masu kiɗan Ingila D da G suka fi riƙa, na Ayilan B da C ko C# da D. Shi kuwa Club yawanci a C da F yake, ga wani maɓalli a layi na biyu da ke ba da murya ɗaya ko ka ja ko ka tura, yatsun wanda ya saba da wani tsarin sai su rikice. Irin wannan akodiyon mai maɓallai ba kamar fiyano ba ne da kowane kiɗa zai hau kansa. Ban tambayi mai saye ba, ban duba haruffan saitin ba, cinikin biri a sama na yi.

Tun daga ranar, in aka ajiye mini biyu, sai na fara jin irin kiɗan da za a yi da shi. Sannan hanci, sannan gwajin iska, sannan in bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya a ja da turi, a hankali ƙwarai, don harshe mai ciwo a ƙaramar iska yake tona kansa. Wanda mai shi ya hana a buɗe cikinsa, ina mayar masa da abinsa. Ƙoƙewar jiki kuwa ta daina ba ni tsoro, domin kayan da ake kaɗawa kullum mai shi ba ya barin su da ciwo.

Asabar ta gaba na koma gidan tsohuwar. Wani maƙwabcinta ya riga ya saye Erica ɗin. Maigida bai cire ko sisi daga albashina ba. Tukunyar kaki ya tura mini da ɗan cokali, na cinye sanyin shekarar ina liƙa faranti a cikin jan akodiyon.