Jirgin da aka saya dala ɗaya

Hanyar da ta tashi daga Nelson zuwa Kaslo, a lardin British Columbia na ƙasar Kanada, gefen tafkin Kootenay take bi, dutse a hagu, ruwa a dama, sai kwana bayan kwana. Da muka shiga Kaslo ban tambayi kowa ba, don daga kan titi ana hango Moyie, tsohon jirgin ruwa mai injin tururi, fari fat, a girke bakin ruwa.

Bayansa na fara zagayawa, don can abin kallon yake: wani ƙaton wili mai faifan katako, ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba. Injin tururi ke juya shi, faifan su riƙa dukan ruwa suna tura jirgin gaba. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, bai nitsewa sosai, saboda haka ko inda babu tasha kyaftin kan kafa hancin jirgin a yashi, a miƙa katako, a sauke buhuna da wasiƙu da fasinja. Ƙauyuka irin su Argenta da Lardeau da shi suka rayu.

Asalinsa ma ba don nan aka yi shi ba. A Toronto aka ƙera sassan ƙarfensa da niyyar kai shi kogin Stikine, lokacin rububin haƙar zinare a yankin Klondike na arewacin Kanada. Da shirin ya wargaje, kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific ya karkato da kayan zuwa Nelson, aka harhaɗa shi, ya shiga ruwa a 1898.

Na hau bene, na leƙa ɗakin cin abinci da falon mata, na matsa cikin ɗakunan kwana, waɗanda ƙanƙantarsu ta ba ni dariya. Ni dai ƙasa ta fi burge ni, wurin tukunyar tururi, inda masu zuba kwal suka sha zafi domin na sama su ci abinci hankali kwance.

Titi da mota ne suka kashe masa kasuwa. A 1957 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, bayan kusan shekara 60 yana aiki, garin Kaslo ya saye shi a kan dala ɗaya ya adana. Tagwaicinsa Minto, da ya yi aiki a tafkunan Arrow, bai samu wannan gatan ba: wuta aka cinna masa a kan ruwa a 1968.